Darasi na 9: Tafiya gungu da tsara burin shekara

Ana karanta wannan darasi a zama na biyu ko na uku bayan an raba kuɗin shekara, kafin sabon zubi ya yi nisa. Wadda ta iya karatu ta karanta da ƙarfi, a hankali. In an zo wurin tambaya a dakata, a bar kowace ta faɗi nata.

Ni ma 'yar ƙungiya ce kamar ku, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kumbotso da ke kusa da kogin Challawa. Sana'ata sayar da abinci a ƙofar kamfani: tuwo da miyar kuka da rana, shinkafa da wake da yamma. Masu cin abincina leburori ne na kamfanonin fata da na roba, wasu a nan Challawa suke aiki, wasu sai sun hau mota zuwa Sharada ko Bompai. An ce in ba ku labarin tafiyar da na yi zuwa wani gungu a ƙasar Yauri, saboda kuskuren da na yi a cikinta kuskure ne da kowacce a cikinmu za ta iya yi ko da ba ta taɓa ganin jirgin ruwa ba.

A shekararmu ta biyu da kafa ƙungiya na sa wa raina buri guda. Busasshen kifin da nake sa wa miya a kasuwar Galadima nake saye, kaɗan-kaɗan, kuma na san kafin ya iso hannuna ya bi ta hannun mutum uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa. Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, da take aure a wajen Yauri cikin dangin masunta. Tun ina yarinya take cewa in je in ga inda kifi yake banza. Sai na ce a raina, ai zuwa da kai ya fi aike. In sayo kwali biyu, in yi miya da rabi, in sayar wa maƙwabta rabi.

Ƙa'idar ƙungiyarmu, kamar ta yawancinku, mace tana iya rantar ninki uku na abin da ta tara, ta biya cikin wata uku. Na matse, ina zuba hannu biyar duk mako. Ranar da ajiyata ta kai naira 20,000 na ɗaga hannu na nemi 60,000. Aka ba ni. Watan Agusta ne, ana tsakiyar marka. Ban tambayi kowa ko lokacin tafiya ne ba. Kuɗi sun samu, shi ke nan a ganina. Maigida ya yarda, ya ce ƙanena ya raka ni, muka kama hanya ta Gusau da Sakkwato, muka bi ta Jega da Koko har Yelwa, wato babban garin Yauri. Kwana biyu muka yi a mota.

Ga waɗanda ba su sani ba, gungu shi ne tsibiri, ƙasar da ruwa ya kewaye. Mutanen da suka daɗe da zama a tsibiran kogin Kwara ta wajen Yauri, daga nan aka samo sunan da Hausawa ke kiransu da shi, Gungawa. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, ya cinye tsohon garin Bussa da gungaye da yawa, aka tashi mutane sama da 40,000 aka sake musu matsuguni. Amma har yau akwai tungayen masunta a bakin tafkin da kan tudun da ruwa bai rufe ba, akwai Sarkawa, akwai Hausawa 'yan cin rani. A irin wannan tunga goggona take. Daga bakin ruwa sai da muka yi awa biyu da wani abu a jirgi mai inji, ni ina riƙe da gefen katako ina karanta duk addu'ar da na iya.

Da Goggo ta gan ni ta yi murna, ta rungume ni, ta ba ni fura. Sai da na huta ta ce, "Yanzu ke 'yar nan, wa ya ce miki ki zo da marka?" Na ce, "Goggo, ai yanzu na samu kuɗin." Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "To ai ruwa bai san kin ci bashi ba."

Kwana uku na yi niyyar yi, kwana tara na yi. Ruwa ya cika ya shiga ciyayi, kifi ya bazu, maza su fita tun asuba su dawo da abin da bai fi na miyar gida ba. Ɗan abin da aka samu kuma banda ba ta kama shi sosai, don itace a jiƙe yake, hayaƙi kawai yake yi babu zafi. Sau biyu muka shirya komawa, hadari ya taso, mai jirgi ya ce ko nawa za a ba shi ba zai tashi ba. A lokacin na ji haushinsa. Yanzu kam addu'a nake yi masa. Daga ƙarshe na tattara tarwaɗa da karfasa da kurungu daga gida-gida, a farashin da bai yi ƙasa da na Kano sosai ba, na cika kwali biyu. Goggo ta latsa cikin wata tarwaɗa da babban yatsa, ta nuna mini yadda ya lotsa, ta ce wannan ba zai kai Kano ba. Na ce zai kai in sha Allah. Kunya ce ta hana ni komawa hannu wofi.

Da na buɗe kwalayen a gida, na ƙasa duk ya yi funfuna, tsutsa ta shiga wasu. Kashi ɗaya cikin uku na tsira da shi, shi ma sai da na sake yi masa banda. Wata maƙwabciya ta ce in fesa masa fiya-fiya ƙwarin su mutu. Ban yi ba, ku ma kada ku taɓa yi: guba ce, kuma cikin 'ya'yan mutane za ta shiga. Ga kuma abin da ban lissafa ba ko kaɗan: sati biyu da ba na nan, masu cin abincina sun koma wajen wata, sai da na yi wata biyu kafin rabinsu su dawo. Ranar biyan bashi ta zo ranar da aka ce za ta zo. Tunkiyata na sayar, wadda nake kiwo don babbar sallah, na sayar da ita a lokacin da dabba ba ta daraja.

A nan mai karatu ta dakata ta tambayi zama: a ina matar nan ta fara kuskure? A bari a yi gardama kaɗan. Wasu za su ce bashin ne, wasu za su ce tafiyar ce.

Ni dai a ganina burin mai kyau ne, bashin ma daidai ƙa'ida yake. Abin da ya kayar da ni shi ne na bar akwati ya zaɓar mini ranar tafiya. Kwanakin nan tara da na yi a zaune, abin da na fi ƙaruwa da shi shi ne yadda Goggo take ƙirga shekara. Ba ta cewa wata kaza. Cewa take yi, in jan ruwa ya zo, in baƙin ruwa ya zo, in ruwa ya ja baya. Ashe kogin nan sau biyu yake cika a wajensu. Cikar farko da damina, ruwan da ya sauka a ƙasashen kusa, mai laka. Ta biyu kuwa da hunturu take zuwa, wajen Disamba da Janairu, alhali ko ɗigo ba a yi a Yauri. Ruwan sama ne da ya zuba tun damina can a duwatsun ƙasar Gini, ya shiga fadamun Mali ya bazu ya yi ta tafiya a hankali, sai bayan watanni ya iso. Komai na tungar a kan wannan yake: yaushe ake gyaran koma, yaushe ake tara itacen banda, yaushe ake aurar da 'ya, yaushe ake biyan bashi. Ta ce mini in ina son kifi busasshe ƙayau, in zo bayan sanyi ya fara sauki, lokacin da ruwa ke ja baya, itace ya bushe, iskar hunturu ta taya banda aiki, kuma babu hadari a sama.

Da na dawo na zauna na duba, sai na ga mu ma a Kumbotso muna da namu cikar ruwa da jan baya, ba mu dai saba kallonsu haka ba ne. Kuma namu ya fi na Goggo rikici, don lissafi uku ne suke tafiya tare.

Akwai lissafin sama, wanda kowa ya sani. Da bazara ana neman kuɗin taki da iri. Da damina, musamman Agusta, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, kowa yana son rance a lokaci ɗaya, akwati kuwa ba ya iya ɗaukar kowa. Da kaka gero da dawa da wake da gyaɗa suna araha, wadda take da kuɗi a hannu a lokacin ita ce sarauniya. Da rani masu lambu a bakin kogi suna fitar da tumatir da albasa da latas, aure da biki sun yi yawa, ga gudummawa da anko.

Akwai lissafin wata. Azumi da sallah ba sa tsayawa wuri ɗaya, duk shekara suna matsowa da kwana 10 ko 11. Wannan ƙaramin abu yana rikita mata da yawa. Wadda ta ci riba da ƙanƙara da zoɓo a azumin da ya faɗo cikin zafin bazara, in ta yi shekara uku huɗu tana maimaita lissafin nan ba ta duba ba, za ta wayi gari azumi ya shigo cikin sanyi, ƙanƙara ba mai nema. Ni mai abincin rana, wata guda cur tukunyata a kife take, sai dai in koma ƙosai da kunu da yamma. In ban sa wannan a lissafi ba tun farkon shekara, zubina zai tsaya.

Sai na uku, wanda matan ƙauyukan nesa ba su da shi amma mu muna da shi, wato lissafin kamfani da makaranta. Albashi ƙarshen wata yake zuwa, mai cin bashin tuwo sai lokacin yake biya, in ya biya. Bayan babbar sallah fatun layya suna shigowa, aiki yana ƙaruwa a wajen masu fata. Wani lokaci kuma wuta ta yi ƙaranci ko kaya su ƙi shigowa, a ce leburori su zauna a gida sai an neme su. Iyayenmu sun ga lokacin da Bompai da Sharada suke cike da masaƙu, yau da yawa a rufe suke, don haka kada wadda ta ɗora burinta kacokan a kan albashin maigida. Kuɗin makaranta kuwa ba ya mantuwa, Satumba da Janairu da wajen Afrilu yana nan tafe.

To, ina amfanin sanin duk wannan? Amfaninsa shi ne a fara lissafi daga ƙarshe. Da can nakan ce, in kuɗi sun taru zan yi kaza. Yanzu nakan fara da tambayar, abin nan da nake so, wane lokaci ne nasa? In na samu amsar sai in ƙirgo makonni baya-baya zuwa yau, in raba kuɗin da ake bukata a kansu.

Ga yadda na yi a tafiyata ta biyu, bayan shekara ɗaya da rabi. Na sa ranar a watan Fabrairu. Na duba na ga azumi bai faɗo a ciki ba, kuɗin makarantar Janairu kuma an riga an biya. Na lissafa kuɗin kifi, kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu, kuɗin jirgi, kuɗin dako, tsarabar Goggo, sannan na ƙara kuɗin kwana uku na ko-ta-kwana, tunda na ga yadda ruwa yake riƙe mutum. Na ƙara har da cefanen gidan da zan bari. Mu ɗauka, don misali, duka ya kama naira 100,000, kuma saura mako 40. Ke nan 2,500 duk mako, hannu biyar in hannu ɗaya 500 ne. Da na ga akwai makonnin marka da na azumi da ba zan iya hannu biyar ba, sai na yanke cewa rabi zan tara, rabi in ranta, kuma in karɓi rancen sati ɗaya kafin tafiya, ba tun da wuri ba, don kada wata ukun biya ya fara ci ina zaune. Na faɗa wa ƙungiya tun watanni biyar kafin lokacin, magatakarda ta rubuta, don kada ranar ta zo a ce akwati babu kuɗi. Ƙanwata ta riƙe mini tukunya a ƙofar kamfani. Kafin in tashi na sa an kira wani ɗan Goggo da yake zuwa Yelwa cin kasuwa, ya tabbatar mini akwai kifi. Kwana huɗu na yi. Kifin da na kawo, in kin ƙwanƙwasa shi ƙara yake yi kamar katako. Matsalarsa ɗaya, saurin karyewa, don haka a jera shi da kyau a kwali kada a danne.

Bari in faɗi wata magana da na san ba kowa za ta so ba. Ƙungiyoyi da yawa suna sa ranar rabon kuɗi dab da sallah. Na gane dalili, kowa tana son yaranta su fita fes. Amma ku duba da kyau: kuɗin da aka yi wata goma sha biyu ana tarawa, a sati biyu Kantin Kwari da tela sun cinye. Mu da muka yi wannan gardamar, sai da muka yi zama uku, har wata ta yi fushi ta ce za ta fita. Daga baya muka mayar da rabonmu farkon kaka, lokacin da mace za ta iya sayen buhun wake ko gero ta ajiye, muka kuma buɗe ɗan adashin sallah daban mai ƙaramin zubi. Ban ce kowace ƙungiya ta yi haka ba. Inda mata suka fi noma, wataƙila rabon bazara ya fi, don taki. Irin wannan tsari namu na akwati mai makulli uku, matan karkara ne suka fara shi a yankin Maraɗi ta Nijar a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, kuma tun asali 'yan ƙungiya ne suke zama su yanke ƙa'idarsu da bakinsu. Ranar rabo tana cikin abin da kuke da ikon sauyawa.

Ga wadda burinta ya haɗa da hawa ruwa, ko Yauri ne ko nan kusa wajen Tiga ko Bagwai, ina roƙonta ta saurari wannan. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kogin Kwara kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar, a nan jiharmu, jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. A duka biyun an yi maganar lodi fiye da kima. In kin ga an cika jirgi har ruwa ya kusa bakinsa, ki sauka, ko da kin biya. Kada ki hau da dare, kada ki hau in hadari ya haɗu, kuma a tafkin Kainji akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa tun na lokacin da aka yi dam. In akwai rigar kariya ki sa, kada ki ji kunyar a ce kin cika tsoro. Hanyar mota ma yanzu ba kamar da ba ce, sai an tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a satin, ba labarin bara ba. Ni kaina shekarun nan ban koma ba. Kuɗi nake turawa ta waya, ɗan Goggo ya ɗoro mini kwali a mota. Amma da ban je da ƙafata sau biyun nan ba, da ban san wanda zan amince wa ba, da kuma watan da zan ce a saya.

Na san yawancinku ba Yauri za ku ba. Wata burinta keken ɗinki, wata injin markaɗe, wata ta kai 'yarta sakandare, wata ta je ganin mahaifiyarta a Damagaram da ta yi shekara shida ba ta gani ba. Wannan na ƙarshen ma buri ne, kada wadda ta raina shi, kuma shi ma yana da lokacinsa da kuɗinsa. Mai son keke ta samu kafin ɗinkin sallah ya fara, ba bayan an sauko daga idi ba. Mai son kiwon rago ta saya wata huɗu ko biyar kafin layya. Mai sarin hatsi ta shirya wa Dawanau ko kasuwar ƙauye tun kafin a fara girbi.

Yanzu aikin da za a yi a wannan zama. A share ƙasa a zana babban da'ira, a raba shi huɗu: bazara, damina, kaka, rani. A samo duwatsu ƙanana, da ƙwayar wake, da tsinke. Da farko a tambayi wadda ta san lissafin wata ta nuna inda azumi da sallah biyu za su faɗo a bana, a sa tsinke a wurin. A sa wani tsinken a lokutan kuɗin makaranta. Sannan kowace mace ta ɗauki wake ta zuba a inda kuɗi suka fi shigo mata, ta sa dutse a inda ta fi shan wuya. Za ku ga duwatsu sun taru a wuri ɗaya, to ku tattauna yadda za a yi da masu neman rance a wannan lokacin, da nawa ya kamata asusun taimako ya kai kafin a shiga marka.

Bayan haka kowace ta faɗi buri ɗaya tak na wannan zagayen, ta taka da ƙafarta inda lokacinsa yake a cikin da'irar. Wadda ba ta son faɗa a gaban jama'a ta raɗa wa magatakarda. A taya ta ƙirga makonni daga yau zuwa wurin, a raba kuɗin, a gaya mata hannu nawa ke nan duk mako. In lissafin ya fi ƙarfinta, kada a ce ta bari, a duba ko za a kai shi zagaye na gaba. Magatakarda ta rubuta burin da watansa a bangon baya na littafin zubin kowacce, ta kuma rubuta a babban littafi watan da kowacce take sa ran neman rance. In mata uku sun faɗo wata ɗaya kuma akwati ba zai ɗauka ba, a sasanta yau, tun kowa tana dariya. Za a sake buɗe wannan shafin a zaman farko na kowace sabuwar kakar shekara.